Tsatsar Motar Ungozoma

Kwanan baya wani saurayi ya shigo garajina a Lamorde da tsohuwar motar da ya gada wajen kawunsa. Muka zagaya ta tare, yana shafa jikinta, ya ce, "Baba, fenti kawai take so. Kwana biyu ya isa ko?" Na durƙusa na danna yatsa a ƙarƙashin ƙofar baya. Yatsan ya shige har gaɓa ta biyu, da na zaro shi jan gari ya biyo baya kamar dakakken barkono. Ya tsaya yana kallon ramin, sannan ya ce, "Ashe mota tana tsatsa a Yamai? Ai nan ba bakin teku ba ne."

Haka yawancinku kuke zato, ku da kuka zo koyon wannan aiki. Kuna ganin gyaran jikin mota guduma ce da mastik na cike rami da fenti: a buga, a shafe, a fesa, mai mota ya zo ya yi murmushi. To, mota tana tsatsa a Yamai. Wadda ta shigo ta Kwatano tana zuwa da gishirin titin ƙasashen sanyi a cikinta. Wadda ta yi dakon kanwa ba ta ƙara zama lafiya. Wadda ake wanke wa a bakin kogi kullum, ruwa yana samun inda zai kwanta. Kuma tsatsar da ido ya gani ba ita ce abin tsoro ba. Wadda take kashe mota tana farawa ne daga ciki, a wuraren da aka rufe tun daga masana'anta, inda hannu ba ya shiga.

Ina da shekara goma sha shida mahaifina ya kawo ni daga Maraɗi ya damƙa ni hannun Maigida Hamani, wani Bazabarme mai ƙarancin magana, wanda garajin nan nasa ne tun asali. Shekarata ta farko bai bar ni na taɓa wutar walda ba. Ya ba ni abu uku: ƙaramar guduma, mayen ƙarfe naɗe da tsumma, da ɓallin madubi ɗaure a bakin wayar ƙafar keke. Duk motar da ta shigo, sai in bi ta ina ƙwanƙwasawa, shi yana zaune yana shan shayi yana saurare. Ƙarfe mai lafiya yana amsawa da siririyar ƙara. Wanda ya ruɓe ta ciki yana amsawa kamar fasasshiyar ƙwarya. Inda mayen ƙarfe ya ƙi kamawa, an cusa mastik a wurin. Inda ido ba ya kaiwa, madubi da tocila su kai.

Shi ne ya nuna mini abin da muke kira badakes, wato dogon akwatin ƙarfen da ya bi ƙarƙashin ƙofofin mota daga tayar gaba zuwa ta baya. Cikinsa fanko ne, amma shi yake riƙe da tsakiyar mota. A ƙasansa akwai ƴan ƙananan huda da aka bari don ruwa ya riƙa fita. Maigida ya sa wayar keke a ɗaya daga cikinsu ya ce, "Wannan ramin, ko me za ka yi, kada ka toshe shi." Sau ɗaya ya faɗa. Ba ya maimaita magana.

Aikin da na fara yi ni kaɗai, motar wata ungozoma ce, Madam Mariama, Badamagariya, mai aiki a ɗakin haihuwa na unguwarmu. Farar mota ce, irin wadda muke kira kat-san-kat, mai dogon baya. A wancan lokaci wannan gefen kogin ba motoci sosai, in haihuwa ta zo da gardama, ita take kwantar da kujerar baya ta ɗauki matar da kanta ta haye gada da ita zuwa babban asibiti. In ta dawo sai ta sa a wanke bayan motar da ruwa da jabel, ruwan nan mai kaifin wari da suke wanke ɗakin haihuwa da shi. Jabel yana cin ƙarfe. Ruwan ya riƙa bi ta ƙarƙashin tabarmar roba yana gangarawa cikin badakes ɗin dama, har wata rana fenti ya kumbura a wurin, rami ya ɓulle kamar faɗin tafin hannu.

Ranar da ta kawo motar, Maigida ya tafi ƙauyensu zaman makokin ƙanensa, sai bayan mako zai dawo. Ta dube ni ta ce, "Kai ne babba yau?"

Na ce, "Ni ne, Madam."

"Jibi nake son motata. Akwai mata biyu da watansu ya kama."

Aikin gaskiya kwana biyar ne: a yanke, a kankare ciki, a lanƙwasa sabon ƙarfe, a yi walda. Ni kuwa shekarata sha tara, ina son a ce na iya. Na ce mata jibi ta zo ta ɗauka. Na dunƙule takardar buhun siminti na cusa cikin ramin don mastik ya sami abin jingina, na shafe, na goge. Da na zo ƙasa na ga ƴan hudar nan suna ɓata layin, sai na bi su da mastik su ma. Na fesa fenti. Aikin ya yi kyau ƙwarai. Madam ta zo ta shafa ta ce hannuna yana da albarka. Kafin Maigida ya dawo mota ta bar garaji, bayan wata biyu kuma aka yi wa Madam canjin wurin aiki zuwa Tawa, ta tafi da motarta. Ban gaya wa kowa ba. Da shekaru suka tafi, ni kaina na daina tunawa.

Shekara goma sha ɗaya na yi a ƙarƙashin Maigida Hamani. Da ƙarfinsa ya ƙare ya bar mini garajin da kayan aiki, bayan shekara biyu ya rasu. Zamanin nan aiki yana da daɗi. Ƙarfen mota yana da kauri, in ka buga shi yana jin magana. Direbobin taksi suna zuwa su zauna ƙarƙashin dogonyaro su jira motarsu, ana shayi, ana gardamar kokawa, Hausa da Zabarmanci da Faransanci a baki ɗaya. Ma'aikacin gwamnati yakan riƙe mota ɗaya shekara ashirin, ya san tolyensa, wato mai gyara masa jikin mota, kamar yadda ya san wanzaminsa. Yanzu rabin jikin mota roba ne, in ta fashe a cire a jefar.

Shekarar da ta fi kowace muni ita ce wadda kogi ya karya shinge ya shigo Lamorde. Ruwa ya kai ni ƙugu a cikin garajin nan. Injin iska ya mutu, karbir ɗin da ke ba da gas ɗin walda ya jiƙe ya tafi a banza, guduma da zarto duk suka yi ja. Motocin mutane huɗu suna hannuna, kwana tara suna tsaye cikin ruwa. Da ruwan ya janye, laka ta cika kowane lungu nasu. Wata uku ba na aikin kowa sai wanke laka da ba mutane haƙuri. Biyu daga cikin waɗanda na koya wa aiki suka koma tuƙin babur, ban ga laifinsu ba. Unguwa ta watse, wasu suna kwana a makarantu, wasu sun haye wajen dangi.

Bayan ruwan da kamar wata biyar, wata safiya aka janyo wata farar kat-san-kat da igiya aka tsayar a ƙofar garaji. Mutum uku suka fito daga motar da ta janyo ta: wani magidanci da manyan kaya, wata budurwa, da wata tsohuwa da budurwar take riƙe wa hannu. Tsohuwar ta tsaya ta ɗaga kai tana sauraren ƙarar guduma, ta ce, "Nan ne garajin Hamani?"

Na ce, "Nan ne, Hajiya. Amma shi Allah ya yi masa rasuwa da daɗewa."

"Allah ya jiƙansa. Ina yaron nan nasa, Isa, mai hannu da kyau?"

Sai da ta ambaci sunana na gane ta. Madam Mariama ce, ta zama Hajiya, ta yi ritaya ta dawo gidanta na Lamorde da zama, idonta ya yi rauni har ba ta gane fuska sai murya. Ruwa ya ci gidan, ta koma wajen ɗanta a unguwar Lazare, hayin kogi, motar kuwa ta yi kwanakinta cikin ruwa kamar kowace. Magidancin shi ne ɗan nata, Alhaji Mutari. Budurwar jikarta ce, Zuwaira, wadda ta gama makarantar ungozoma aka tura ta wani ƙauye bayan Torodi, inda hanya duk jar ƙasa ce da gargada. Hajiya tana son a gyara motar a ba ta ta tafi da ita.

Alhaji Mutari ya ja ni gefe ya ce, "Malam Isa, ni dai ban yarda a sa ƴata cikin wannan tsohuwar ba. Na gaya wa Inna a sayar wa masu awon ƙarfe, ta ƙi. Mun yi da ita, abin da ka faɗa shi ke nan. In ka ce ta mutu, ta mutu. Ka duba tsakaninka da Allah."

Da suka tafi na ɗauki guduma na bi motar. Gefen hagu lafiya, laka ce kawai da tsatsar sama-sama. Da na zo gefen dama, ƙarar ta canza. Na sa mayen ƙarfe, ya faɗi ƙasa. Na sa kurfin sarar ƙarfe na buga sau ɗaya, wani ɓangare ya ɓalle, baƙin ruwa mai wari ya zubo mini a ƙafa. Na zura yatsu biyu na jawo wani dunƙule. Takardar siminti ce, ta yi baƙi, da mastik manne a bayanta. Na san ninkin, ni na yi shi.

Na haska tocila ciki. Badakes ɗin ya ruɓe daga gaba har baya. Fiye da shekara talatin ruwan wanki da na damina suna shiga ba su da hanyar fita. Wurin da ake kafa jak ya zama kamar ganye busasshe. A kan kwalta motar za ta iya tafiya haka wata shekara, amma a gargadar Torodi, da mai naƙuda kwance a baya, wata rana tsakiyarta za ta lanƙwashe.

Ku lura da yadda abin yake. A shekarar nan ba wanda zai musa in na ce kogi ne ya cinye ta. Alhaji abin da yake son ji ke nan. In na faɗa haka, sai masu awon ƙarfe su zo su sassare ta, takardar simintin ta bi su. Na zauna a kan tsohuwar taya har aka kira azahar. Bayan salla na naɗe dunƙulen a leda, na hau babur na haye gada zuwa Lazare.

Na same ta zaune a tabarma a inuwa, Alhaji da Zuwaira suna nan. Bayan gaisuwa na ce, "Hajiya, na buɗe motar."

Ta ce, "Kogi ya gama da ita ko?"

"Kogi ya yi nasa, amma kaɗan ne. Ɓarnar da na gani ta girmi ambaliya da shekara talatin. Aikin hannuna ne."

Na sa mata dunƙulen a tafi. Ta juya shi, ta murza, ta kai hanci. "Takardar siminti ce wannan."

"Ita ce. Ita na cusa ranar da kika ce jibi. Kuma na toshe hanyar ruwa."

Alhaji ya gyara zama zai yi magana, ta ɗaga masa hannu. Ta ce, "Shi ya sa. Duk damina, in na taka birki, ina jin ruwa yana kai da komowa a ƙarƙashin ƙofa. Makanikai uku na kai wa a Tawa, kowa ya ce kunnena ne." Ta ajiye dunƙulen gefe. "Hamani ya sani?"

"Ya rasu bai sani ba."

"Da ya sani, me zai yi maka?"

"Kora ta zai yi."

"A'a. Na san Hamani. Sa ka zai yi ka buɗe ka sake. Za ta gyaru?"

"Za ta gyaru, Hajiya. Amma ba jibi ba."

Ta yi dariya har ta riƙe gwiwa. Alhaji bai yi ba. Ya ce, "Mutumin da ya ɓata ta shi za a sake ba?" Ta ce, "Shi ya san inda ya ɓata. Kuma shi ya hayo gada da ƙafarsa ya faɗa."

Sati bakwai na yi a kan motar nan, ku saurari yadda aka bi. Kafin a yanke komai, sai da na cire ƙofofi na tokare bakinsu da ƙarfe, don in ka yanke badakes ba tokari, jikin motar zai zauna, ƙofa ba za ta ƙara rufuwa daidai ba. Sannan muka kwantar da ita a gefe bisa tsofaffin tayoyi. Na yanke duk ruɓaɓɓen har sai da na kai ƙarfe mai haske. Sabon ƙarfen daga rufin wata matacciyar kat-san-kat na samo shi, don kaurinsu ya zo ɗaya, na lanƙwasa shi a kan guntun ƙarfen titin jirgin ƙasa da Maigida ya bari.

Wahalar tana inda ba a yankewa: cikin ginshiƙin ƙofa, da lungun da badakes ya haɗu da gidan taya. Nan sai dabara. Ka huda ƙaramin rami. Ka samo wayar birkin keke, ka warware bakinta ta yi gashi-gashi, ka ɗaura ɗaya bakin a injin huda, ka zura ta ciki ka kunna. Tana juyawa tana dukan bango ta kowane gefe, tsatsa tana ɓarewa. Ka hura iska, jan gari ya fito. Ka sake, ka sake, har iskar ta fito fes. Sannan ka zuba ruwan maganin tsatsa, wanda yake mayar da ja baƙi, ka bar mota a rana kwana uku cur. Wanda ya rufe ƙarfe da damshi a ciki, aikin banza ya yi. Sai bayan an gama walda ake zuba abin kariya, in ka zuba kafin nan wuta za ta kama. Ni nawa haɗin kakin zuma ne da giris da sabon man inji, a ɗumama su su narke. Kada wanda ya ce muku ku zuba baƙin mai da aka juye daga inji, shi kansa yana cin ƙarfe.

Tiyon da nake fesa haɗin da shi ya yi kauri, ya ƙi shan kwana. Na faɗa wa Zuwaira wata rana da ta zo dubawa. Washegari ta dawo da sabon siririn tiyo irin na ƙarin ruwa, ta ce kakarta ce ta ce a gwada wannan. Na ƙona bakinsa ya toshe, na huda gefensa da allura wuri shida, ya zama yana fesawa ta ko'ina. Har yau irinsa nake aiki da shi.

Ana gobe zan rufe badakes ɗin da walda, Hajiya ta sa aka kawo ta garajin ta duba aikin. Na gaya mata na duba da madubi, Zuwaira ma ta zura wayarta ta salula ta ɗauki hoton ciki, ko'ina tsaf. Ta ce, "A shimfiɗa mini tabarma." Ta durƙusa a gefen motar, ta cire zobe ta ba jikarta, ta naɗe hannun riga. Na ce, "Hajiya, bakin ƙarfe yana da kaifi." Ta ce, "Ka goge shi ko ba ka goge ba?" Na ce na goge. Ta zura hannu.

Hannunta siriri ne, ya shige har gwiwar hannu, inda nawa bai taɓa kaiwa ba. Ta rufe ido tana lalube a hankali. "Nan sumul. Nan ma sumul." Sai ta tsaya. "Akwai wani ƙarfe da ya tsaya a tsaye nan ciki. Bayansa, ta sama, akwai kaushi. Yana ɓarewa." Ta zaro hannu, kan yatsunta biyu ja wur.

Ƙarfen da ta faɗa shi ne ya tare madubina, ya tare wayar Zuwaira. Na yanke wata ƴar taga ta sama, na tarar da ruɓa kamar faɗin tafin yaro, daidai ƙarƙashin inda aka ɗaure kujerar baya. Da na rufe a haka, da na sake binne ta. Na ce, "Hajiya, yaya aka yi kika kai nan?" Tana goge yatsu da tsumma ta ce, "Shekara arba'in ina aiki a inda ido ba ya gani, Isa."

Wannan ya ƙara mini kwana huɗu. Ranar da aka gama, Alhaji Mutari ya zo tare da Hajiya da Zuwaira da nasa makanikin, shi da makanikin suka ɗaga motar da jak ta gefen dama, suka buɗe ƙofofi suka rufe, suka shiga ƙarƙashi da tocila. Da ya fito ya kakkaɓe rigarsa, ya miƙa wa ƴarsa makulli. Zuwaira ta buɗe ƙofar direba za ta shiga, sai Hajiya ta ce, "Dakata. Ba ni tukuna."

Alhaji ya ce, "Inna, ba kya gani."

"Daga nan zuwa dogonyaron Hamani taku nawa ne? Yana nan inda yake ko an sare?"

Na ce, "Yana nan, Hajiya. Kamar taku talatin, miƙe."

Ta zauna, ta lalubi sitiyari, ta gyara kujera da kanta. Ta murza makulli, injin ya tashi. Ta ɗan saurare shi, ta sa giya, motar ta fara tafiya a hankali. Ni ina biye da ita a gefe, hannuna a kan tagar, ina cewa, "Dama kaɗan, Hajiya. Haka. Miƙe."

Ba ta juyo ba ta ce, "Isa, cire hannunka daga motata."

Na cire. Muka tsaya mu huɗu muna kallo, farar kat-san-kat tana tafiya ita kaɗai a tsakar garaji da tsohuwa a ciki. Da inuwar bishiyar ta faɗo mata a fuska, ta taka birki. Tsakanin hancin motar da gindin dogonyaro bai kai kamu biyu ba. Ta kashe injin, ta zauna shiru, kanta a karkace wajen ƙofar dama, tana saurare. Sannan ta zare makullin ta miƙo ta taga.

"Ba ruwa," in ji ta. "Zuwaira, zo ki ɗauki motarki."